Irin Albasar Gwaggo Hausi

Nasiru jikana ne yaj ja ni ga wanga rubutu. Ya shigo gida ran nan da gwangwanin irin albasa a hannu, mai hoton albasa jajir kamar an shafa mata mai, yana girgiza min shi a kunne.

Yac ce, "Uwargida, ga sana'arki duk cikin gwangwani. Abin da kinka ƙare ƙarfinki a kanshi, ga shi ana saidawa a shago a kasuwar Jega."

Nac ce, "Angon banza, wa yaz zuba shi ciki?"

Yac ce, "Kamfani."

"In badi kamfani yaƙ ƙi zubawa fa?"

Yac ce, "Me zai hana su, su da ke neman kuɗi?" Yay yi dariya yaf fita, yab bar ni da magana a baki.

To maganar ce zan ƙarasa a nan, shi da 'yan'uwanshi su karanta ko su ƙi. Da furfurata nash shiga ajin tsofaffi nak koyi haɗa baƙi. Hannuna ba kyau gare shi ba, amma ana ganewa.

Abu guda za ku fara sani. Irin albasa ba gero ba ne. Gero sai shi yi shekaru a rumbu, a ɗebo a shuka shi fito. Irin albasa in ya shekara ya fara mutuwa, in wata shekarar ta zagayo ƙasa kawai kake wa wahala. Don haka ba a ajiye shi, sai dai a yi ta sabunta shi. A shuka iri a samu albasa, a zaɓi uwa cikin albasar a dasa ta yi fure, a fidda sabon iri. Ranar da anka tsallake, shi ke nan, ya tafi. Wanda ke hannuna na Gwaggo Hausi ne, tun kafin mulkin kai ba a taɓa tsallake mishi shekara ba. Bana ce shekarar farko da naw wayi gari ba ni da gonar da zan sa shi.

Gwaggo Hausi yayar babana ce. Ita tar riƙe ni tun yaye, a Aliero. Mijinta Baba Arzika mai jakai ne, shi ke kai kayan mutane kasuwar Jega shi dawo da gishiri da kanwa. Zamanin Turawa ne, kuma abin da ke biyan haraji lokacin auduga ce.

Ku ba ku ga noman audugar nan ba. Iri ba naka ba ne. Gab da damina ake kawo gurya a buhuna ƙofar mai gari, a raba wa magidanta. Ka shuka, ka nome, iyalinka su tsince, ka ɗauka ka kai inda anka ce ka kai. Malamin auduga shi cusa hannu shi ce taka lamba kaza ce, a ɗora bisa sikeli, a faɗi abin da za a ba ka. Ko kaza kake saidawa a kasuwa, in an yi maka tayin wulaƙanci kana cewa albarka ka riƙe abarka. A gaban sikelin auduga ba a cewa albarka.

Sai ga wasu mutane sun fara hawa bisa buhuna a kasuwar Jega suna maganar mulkin kai. Teloli ne da mahauta da 'yan koli, ba wasu manya ba. Suna cewa ƙasa tamu ce, gumi namu ne, don me wani zai taso daga bayan teku shi yanka mana kuɗin guminmu. Baba Arzika bai yi karatu ba, amma kunne gare shi. Duk ranar kasuwa sai shi dawo da maganar, shi juye mana ita a tsakar gida tun bai kwance wa jakai kaya ba.

Kakar nan da yak kai audugarshi, waɗanda sunka gani sunka ba mu labari. Malami yaf faɗi kuɗi, sai Baba yac ce, "Albarka."

Malami yac ce, "Me kac ce?"

Yac ce, "Albarka nac ce. Ko ba ka jin Hausa?"

Yas sauke buhunshi daga sikeli yam maida bisa jaki. Mutane sunka yi dariya, daga dariya sunka taru. Shi kuma da yag ga taro sai baki yab buɗe, yaz zazzage duk abin da yaj jiyo. Kafin la'asar 'yan doka sun tafi da shi. Maƙwabcinmu ne yak koro mana jakin da audugar a bisa.

Har damina tak kusa ba a sako shi ba. Ranar rabon gurya Gwaggo taɗ ɗauki ƙwarya tat tafi ƙofar mai gari, ni ina bayanta. Anka kira gida gida, anka tsallake namu. Tay yi magana, mai rabon yac ce, "Ku je masu mulkin kai su ba ku." Munka dawo da ƙwaryar yadda munka tafi da ita. Muna kaiwa bakin zaure taj juyo gare ni. Tac ce, "Kulu, kin ga yadda ake ɗaure mutum ba igiya? A riƙe mishi iri."

Audugar nan da Baba yaƙ ƙi saidawa ita tak kaɗe zare, zaren nan munka ci a daminar. Amma hankalinta na wani wuri. Abin da take nema shi ne amfanin gonar da Bature bai kafa wa sikeli ba, sai tat tsaya a kan albasa. Ban ce Gwaggo ce tak kawo albasa Aliero ba, kada ku je ku yi min ƙarya. Akwai masu garka bakin rijiyoyi tun da, suna yi don miya da gabu. Abin da tay yi shi ne ta bi su ɗaya ɗaya tana musanya zare da albasa, tak kawo taj jera bisa karan dawa a ɗakinta. Damina tab bi ta kansu, mafi yawa sunka ruɓe, ɗakin ba ya shiguwa don wari. Waɗanda sunka tsira, su ne uwayen irin nan. Shi yas sa har yau albasarmu ke jure ajiya. Tun farko masu taurin rai ne anka tara.

Baba Arzika ya fito a rame, yat tarad da mu a garkar babana ina jan jigo ita tana bin fangali, wato ɗan gurbin da ake kewayewa da ƙasa don shi riƙe ruwa. Yac ce, "Hausi, mu muna can muna shan kulki saboda ƙasa, ke kina nan kina renon albasa?"

Tac ce, "Kai sau guda kac ce albarka sunka ɗaure ka. Ni duk ranar kasuwa zan riƙa faɗinta, in ga mai ɗaure ni."

Mulkin kai yaz zo ban kai aure ba. An yi kiɗa a Jega, an raba wa 'yan makaranta 'yan tutoci, Baba yay yi rawa har hularshi taɓ ɓace. Mu mata ko ƙuri'a ba mu da ita lokacin, amma mun yi guɗa. Da kaka tay yi yak kai auduga da ƙarfin gwiwarshi. Sikelin na nan, malamin na nan, Baturen kawai ne babu. Yad dawo yaz zauna gindin bango bai nemi tuwo ba. Na zaci Gwaggo za ta yi mishi dariya. Ba ta yi ba. Tac ce, "Malam, ba ƙarya kunka yi ba. Ba don bakinku ba, da ni ban san ana iya ƙi ba. Masu mulkin kai tuta sunka karɓo mana. Saura kowa shi karɓi nashi da hannunshi." Daga shekarar nan jakanshi ba su ƙara ɗaukar auduga ba, albasa sunka koma ɗauka.

Zaɓen uwa shi ne aikin farko da Gwaggo tak koya min, a nan kuma nash sha duka. Ranar haƙa za a tara albasa tsibi tsibi, ni kuwa da idon yaro sai in kai hannu ga mafi girma. Sai in ji muciya a bayan hannu. Babba ta kasuwa ce, ruwa ne cikinta. Uwa matsakaiciya ake nema, mai siririn wuya, mai ɓawon da ya manne yana ƙara in an murza. Ki danna kafaɗarta da babban yatsa, in ta lotsa ko kaɗan ki jefa wa masu miya. Mai tagwayen ciki ba a so, haka za ta haifa. Gwaggo takan wuni kan tsibi guda ta tashi da abin da bai cika kwando ba.

Daga nan sai rudu. Rudu gado ne na itace da kara, a ɗage daga ƙasa, a yi mishi jinka ta ciyawa, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. A nan uwaye ke cin damina. Ba zubawa ake a tafi ba. Kullum sai an leƙa, kuma hanci ne ke aikin, ba ido ba. Guda in ta fara ruɓa sai ta ja na kusa da ita, sai kin tono ta kin fitar tun warin bai kai wa maƙwabta ba.

Ruwa na ɗaukewa, sanyi na sa kai, sai dashe. A yanke kan uwa da wuƙa mai kaifi, a shafa toka, a binne. Ta fidda kara dogo, bisa karan ta yi farin fure dunƙule kamar hular jariri. Lokacin nan ne ake faɗa da maƙwabta, don kada kowa shi dasa wata uwa kusa da taki, balle farar albasa. Zuma ba ta san iyakar gona ba. Ta sha can ta sha nan, badi ki ga albasarki ta fito ba kamar uwarta ba. Yanka kuma da sanyin safiya ake yi, sa'ad da baƙin iri ya fara leƙowa a wasu kawunan. In kin yi gaggawa ɗanye ne, in kin yi nawa ya zube a ƙasa. A shanya a tabarma, a murza da tafin hannu. Ba a sa shi a turmi, ba dawa ba ne. A sheƙe da faifai, a gauraya da 'yar toka, a ɗura a gora a toshe da tsumma. Da leda taz zo gari mutane da yawa sun kashe irinsu da ita, don gumi yake yi a ciki. Kayan aikin ke nan duka: wuƙa, faifai, tabarma, gora, toka. Shi yas sa kuke ganin abin wasa ne.

Mai sayen iri a makance yake saye. Baƙin abu ne ƙanana, na bana da na bara duk kamarsu guda. Sai ya kai gida ya shuka ya yi ta ban ruwa kafin shi san ko an cuce shi, lokacin kuwa shekara ta wuce shi. Akwai masu gauraya tsoho da sabo, na san su, wasu har Makka sun je. Don haka sunanki ake saye. Wani shi tauna shi tofar, wani shi shinshina, duk dai don a ce ya duba. Wani shi yi tayin banza, Gwaggo ta ce albarka da ƙarfi har na rumfar gaba su waiwayo. Daɗin faɗin kalmar take ji, ko kasuwa ba ta yi ba.

Amma abin da yab bambanta ta da kowa gyara ce. Gyara kun san ta, ɗan ƙarin da ake zubawa bayan an gama awo. Ita ba ta zuba tata cikin awo. A tsumma daban take ƙulle ta, ta damƙa wa mutum ta ce, "Wagga ba ta kasuwa ba ce. Ka yi mata fangalinta daban, ka zaɓi uwa a ciki, ka fidda naka iri." Ta kuma tsaya ta karanta mishi yadda ake yi, tun daga wuya har toka.

Nac ce, "Gwaggo, koya musu kike su daina zuwa."

Tac ce, "Ke ba ki tsaya bayana ƙofar mai gari ba? Ba ni yi wa ɗan kowa abin da anka yi min. Wanda zai dawo shi dawo don nawa ya fi, ba don ba shi da wata hanya ba."

Kusan duk sun ci gaba da dawowa, don aikin iri wahala gare shi. Mutum guda ne bai dawo ba. Dikko sunanshi, wani dogo daga ƙauye gaba da Maiyama. Awo mafi ƙanƙanta yas saya, yaz zauna a rumfarmu tun hantsi har azahar yana tambaya kamar alƙali, yak karɓi ƙullinshi yat tafi. Bayan wasu shekaru munka ji yana saida iri a kasuwar Maiyama. Ni ɓarawon sana'a nake ce mishi. Gwaggo da taj ji cewa tay yi, "Madalla, guda ya ji magana."

An kawo ni aure Jega, unguwar Firchin. Maigidana direban babbar mota ne, albasa yake kaiwa Kurmi. Ba ni fita lokacin, amma sana'a ba ta tsaya ba. Yas samo min fili a fadama bakin gulbi, 'yan ƙodago na dashe da ban ruwa, a kawo min albasa gida in zaɓa, a kawo kawuna in murza. Masu saye su yi sallama a zaure a ce ana magana da Kulu mai iri. Gwaggo ta rasu da bazara, bayan an gama sheƙa. Gorunanta ni anka kawo wa.

Shekarar da gulbi yac ci fadama ita ce mugunyar shekarata. Ruwa yaƙ ƙi ɗaukewa. Irin da naw ware wa kaina duk na sa an yafa shi a fadama, sauran na saida tun farkon damina, goruna ba komi. Gulbi yat taso yash shafe wurin, inda irin yake ruwa har ƙirjin namiji. Nac ce ba komi, akwai uwaye a rudu. Amma iska ta daina bushewa, kullum lumshi, bango ma gumi yake. Ina tsame ruɓaɓɓu da safe, kafin yamma wasu sun kama. Ranar ƙarshe nas sa hannu cikin rudu yan nutse kamar cikin kunu. Ko guda ba ta fita ba.

Maigida yac ce, "Ki sayi wani irin mana. Albasa ai albasa ce."

Nac ce, "In motarka ta mutu sai a ba ka jaki, ai duk hawa ne."

Yay yi dariya, Allah shi jiƙanshi, yac ce in shirya. Shi da kanshi yas sa ni gaban mota munka bi masu sayen irina, ko akwai wanda yar riƙe gyara yadda anka ce mishi. Don ni ma ban daina ƙulla ta ba, ko da ina gunaguni.

A Sabiyal sunka yi min tarba da fura. Da nat tambaya sai kowa ya hau sosa ƙeya. Wani dattijo yac ce, "Kulu, wa ke da sukunin fangali daban? Mu juyewa muke wuri guda, da naki da na wasu, duk su fito tare." A Katanga wani yac ce shi kam ya fidda iri, yaj ja mu bayan gida yana taƙama. Yak kwaso albasar, ba ja ba fara ba, kamar zanen da ya koɗe. Ashe kusa da farar albasar ƙanenshi yad dasa uwayen. Nay yi mishi godiya munka fito.

Saura Dikko. Ban so zuwa ba. Maigida yac ce, "To mu koma gida ki ci girman kanki da miya." Munka kama hanyar Maiyama.

Mun tarad da shi ya tsufa, yanar ido ta rufe mishi gani. Nay yi sallama yac ce wace ce. Nac ce Kulu ce, ta gidan Hausi mai iri, Aliero.

Yac ce, "'Yar yarinyar nan mai harara?"

Nac ce ita ce.

Yat tambayi Gwaggo, naf faɗa mishi. Yay yi mata addu'a mai tsawo. Sannan naf faɗi abin da yak kawo ni, ban yi kwana ba. Yak kama sandarshi yac ce in biyo shi. Rudunshi a kan tudu yake bayan gida, ya ɗage shi har sai an taka dutse. Tun daga nesa hancina yaf faɗa min lafiya lau. Yas sa hannu yana lalube yana miƙo min. Siririn wuya, ɓawo a manne, kafaɗa kamar dutse. Nag gutsuri guda, yajin yah hau min ido. Ita ce. Tun daga ƙullin nan guda bai taɓa gauraya ta da komi ba. Yac ce har gaba sun yi da ɗan'uwanshi kan maganar farar albasa.

Yac cika min kwando. Nak kama kwance bakin zane, yaj ji motsi yac ce, "Me kike yi?"

Nac ce, "Kayanka ne, Malam."

Yac ce, "Nawa ne mana. Hausi da bakinta tac ce nawa ne. Shi yas sa ni ke da ikon badawa. Ɗaure zanenki."

Maigida ya ɗauki kwando ke nan, sai tsohon yac ce a dakata. Yak koma yal lalubo wasu 'yan ƙwarorin albasa yaɗ ɗora a bisa. Yac ce, "Ga gyara. Ki yi mata fangalinta daban."

Kwandon nan ne yam maido ni kasuwa. Daga baya na tsufa na fara fita da kaina, na yi rumfa, na ga shekarun da motoci ke layi a Aliero, ɗiyan masu jakai sun zama masu motoci, kowa da cinikinshi, ba mai yanka wa wani kuɗi. Na so Baba Arzika ya ga wannan. Dikko ya daɗe da rasuwa. Na aika direbobi su tambayo min ɗiyanshi, anka ce duk gwangwani suke saye.

Ba zan yi wa gwangwani ƙarya ba. Albasarshi manya ce, tana saurin isa, tana cika buhu. Sai dai ba ta kwana a rudu, dole a saida ranar da anka haƙa ko kasuwa ta faɗi. In kuma ka dasa uwarta, 'ya'yan kowa da kamarshi, sai ka koma shago. Filin nan na fadama yanzu a hannun Nasiru yake tun rasuwar babanshi. Bara ya bar min gefe. Bana wani dillali yab ba shi iri da taki da man inji, a kan in an haƙa shi zai ɗauka duka, shi kuma zai faɗi kuɗin.

Nac ce, "Ango, a bar min fangali biyu in sa uwaye."

Yac ce, "Uwargida, ba wuri. Mutumin ya auna gonar duka."

Nac ce, "In ya faɗi kuɗin bai yi maka ba, kana iya cewa albarka?"

Yac ce, "Ai ba a haka da shi. Yarjejeniya ce."

Nac ce, "Na san irinta. Na taɓa ganinta da farar fata."

Bai ji daɗi ba, ni ma ban ce don shi ji daɗi ba. Yaro ne mai ƙoƙari, iyali gare shi, taki ya yi tsada, na sani.

Uwaye sun fara tsiro a rudu, ba su jiran kowa. Sai nas sa anka tattaro min fasassun bahuna da tsofaffin robobi, anka ciko su da ƙasar fadama, naj jera su gindin katanga a tsakar gida. Nay yanke, nash shafa toka, nab binne. Da buta nake ban ruwa, don guga ya fi ƙarfina. Awaki sun cinye biyu kafin in gane sai na zauna da sanda. Sauran sunka yi kara, sunka yi fure.

Sai wata matsala. Zuma ba ta shigowa cikin gari, fure kuwa in ba abin da ya taka shi ba ya ɗaukar iri. Nat tuna wata shekara Gwaggo ta dasa uwaye a garka kusa da mahauta, kawunan sunka cika fiye da kullum, tac ce in ba zuma ƙuda ma ma'aikaci ne. Na aika wurin Altine mahauci maƙwabcinmu, yak kawo min tarkacen hanji, nar rataya tsakanin bahunan. Ƙudaje sunka zo kamar an yi musu shela.

Rabi matar Nasiru tac ce, "Kaka, don girman Allah! Baƙi sun daina zama gidanga. Jiya ƙawata a tsaye tash sha ruwa."

Nac ce, "Ki ce ta dawo bayan an yanke fure."

Nasiru yac ce in ba a cire ba zai sake ni shi auro yarinya. Nac ce shi kawo takardar, yanzu na iya karantawa.

Shekaranjiya nam murje kawunan nash sheƙe. Da yake abin kaɗan ne, ban yarda da faifai kaɗai ba, sai nay yi mishi gwajin ruwa. A zuba iri a ƙwarya mai ruwa a motsa, holoƙo shi taso sama, mai rai shi nutse. Nasiru ya dawo daga fadama yat tsaya a kaina yana kallo. Abin da yat taso ya rufe fuskar ruwan baƙi ƙirin. Nat tsiyaye a hankali. A gindin ƙwarya akwai saura, bai cika tafin hannuna ba.

Yac ce, "Don wanga ɗan abin kinka ɗoye mana gida?"

Nac ce, "Shi ne."

Yad durƙusa yas sa yatsa yat taɓa. Yac ce, "Zai kai fangali nawa?"

"Guda, in mai yafawa yana da hankali."

"A baho fa?"

Nac ce, "Uwa ke yarda da baho. Wanga sai ƙasa."

Yam miƙe tsaye. Can yac ce, "Badi ma mutumin ya ce zai auna duka."

Nac ce, "Na ji."

Nab baza shi bisa faifai. Rana ta juyo inda nake, jiƙaƙƙen iri kuwa ba ya son zafin rana, dafuwa yake. Nay yunƙura in tashi, gwiwa taƙ ƙi. Nac ce da Rabi ta zo ta kai min shi inuwa. Kafin ta fito daga madafa Nasiru ya ɗauka. Da hannu biyu yar riƙe faifan, yana tafiya sannu kamar mai ɗauke da nono cike da ƙwarya, yak kai shi zaure yaɗ ɗora bisa turmi, yak kori kaji, yaj jawo ƙofa. Bai yi min alkawarin komi ba, ni ma ban roƙe shi ba.

Yana can ya bushe, na ɗura shi a ƙaramar gora. Shekara guda gare shi, kuma ta fara tafiya.